GYARA KAYANKA BAI ZAMA SAUKE MU RABA BA: INA HAƘƘIN MATAR MANOMI RANAR SAKI?

Yau na ajiye labarin soyayya a gefe, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san kafin in kai ƙarshenta wasu mazan za su ce zuga ni aka yi, wasu matan kuma su ce ban yi zafi yadda suke so ba. Duka na ji na ɗauka. Maganar ita ce ta dukiyar da mace take zubawa a gidan miji, da yadda dukiyar nan take narkewa kamar gishiri a ruwa ranar da aure ya mutu, musamman a yankinmu na Garun Mallam da Kura da Bunkure inda noman rani ya sa kuɗi suke juyawa a hannun talaka. A taƙaice, abin da ake yi wa matan nan ƙwace ne, kuma abin takaicin shi ne ana yin ƙwacen ana jingina shi ga shari'a, alhali shari'a ba ta san da zancen ba.

Wanda bai san yankin ba bari in ɗan haska masa. Tun da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, aka jawo ruwa ta kanal zuwa Kadawa da kewaye, ƙasar nan ta daina barcin rani. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976 ita ce mai kula da ruwan. Da damina shinkafa, da rani tumatir da alkama da albasa da masara. Duk wanda ya bi hanyar Zariya lokacin tumatir ya ga Kwanar Gafan, ya ga yadda ake loda kwanduna a manyan motoci zuwa Kudu, ya kuma ga yadda shinkafar Kura ta yi suna har ana zuwa sari daga garuruwa masu nisa. To jama'a, wannan arziki da ake gani a bakin titi da hannun maza, kaso mai yawa na guminsa daga cikin gida ya fito. Mace ce take turara shanshera a tukunya tun asuba, ta shanya, ta juya, ta kwashe kafin a kai inji. Mace ce take yanka tumatir in ya yi kwantai a mayar da shi kauɗa. Mace ce take dafa abincin 'yan ƙwadago, take kiwon tumaki da ragowar dusa da harawa, take zubin adashi da ɗan abin da ta samu. Tsofaffi da zawarawa da 'yan mata kuwa a gonar ma ake ganinsu, wajen tsinka da sheƙa. Ba kuma yau aka fara ba, domin a ƙarshen shekarun 1970 matan da ke tsinkar wake a gonar wani kamfanin Turawa mai suna BUD a wannan yanki har yajin aiki suka yi a kan kuɗin ladarsu, labarin da aka buga a wata mujallar masana ta Ingila a 1978. Kakanninmu sun iya ƙirga haƙƙinsu a gaban Bature. Abin mamaki jikokinsu ne aka hana su ƙirga nasu a gaban miji.

Yadda kuɗin mace suke shiga gonar miji kowa ya sani. Sanyi zai shigo, lokacin dashe ya yi, ga kuɗin huɗa, ga kuɗin ruwa, ga taki, ga maganin feshi, ga 'yan aiki, aljihun maigida kuwa babu nauyi. Sai ya shigo ɗaki bayan isha'i da murya mai sanyi, ya ce wance a taimaka a sayar da tumakin nan biyu, ko a ba shi kwasar adashin wannan watan, ko ɗan kunnen nan na gwal, in an kaɗa tumatir zai mayar har da tukwici. Ita kuma ta ba shi, domin rufin asirinsa nata ne, kuma abin kunya ne a ji ta kira shaida a kan mijinta uban 'ya'yanta. Wata ma gonar gadonta ce sukutum take miƙa masa, ya yi ta nomawa shekara da shekaru babu maganar haya balle ta kashi. A 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye tumatir, har kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya tsaya da aiki watanni kaɗan bayan buɗe shi saboda rashin kaya, ku tambayi magidanta masu gaskiya da me aka tayar da komaɗa. Da yawa za su ce muku da akuyar uwargida ne da tukunyar shinkafarta.

Idan zama ya yi daɗi babu mai tuna wannan lissafi, kuma ni ma ban ce a tuna ba. Matsalar tana farawa ne ranar da kaka ta yi kyau, kuɗi suka shigo, ido ya buɗe, aka fara neman ƙari. Ni ba ni da faɗa da ƙarin aure, halal ne. Faɗana yana kan abin da yake biyo baya. Saɓani kaɗan sai ka ji an ce "je ki gida sai na neme ki", ko kuma a ƙuntata mata har ta gaji ta yi yaji da ƙafarta. Daga nan sai a shiga wani irin zama wanda ba aure ba kuma ba saki ba. Wata uku, wata shida, har shekara, babu biko, babu ci babu sha, babu takarda. A wannan tsakanin ne ake cinye ta. Buhunan da ta turara aka jingine a zaure a kai su kasuwa. Tumakin da ta bari a turke a sayar, a ce ai 'ya'yanta aka ciyar da kuɗin. Gonarta a girbe sau biyu. Kafin a zo maganar rabuwa babu abin da ya rage da za a nuna da yatsa a ce wannan nata ne, sai gado da katifa da kwanuka.

Na san wata baiwar Allah, 'yar uwa ce ta wajen uwa, ba zan faɗi sunanta ko ƙauyensu ba. Shekara 17 ta yi a ɗakinta, 'ya'ya 6. Da kuɗin adashinta aka sayi injin ban ruwa, da gonar da ta gada a wajen mahaifinta aka yi arzikin da ya sayi babur ya gyara gida. Da amarya ta shigo aka yi cacar baki a kan rabon kwana, ya ce ta je gida ta huta. Wata 9 tana zaune a ɗakin tsohuwarta da goyo a baya. Da ta gaji ta aika a ba ta takardarta, sai ya ce shi bai sake ta ba, yana son matarsa, in ita ce ba ta so to ta fanshi kanta. Haka aka yi, 'yan uwanta suka haɗa kuɗi aka mayar masa da sadaki. Da ta tayar da maganar inji da tumaki da amfanin gona, baffanninta suka taso mata, suka ce kada ta tona wa zuriya asiri, ta bar wa Allah, ai don 'ya'yanta ta yi. Aka turo a-kori-kura guda ɗaya ta kwashe kayan ɗaki. Gonar ma ba don iyakarta tana manne da ta yayyenta maza ba, da Allah kaɗai ya san inda za a kwana. Wannan shi ne kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, kuma duk wanda ya fito daga yankin nan ya san irin wannan labari ba ɗaya ba ba biyu ba.

To yanzu mu zo kan abin da ake fakewa da shi. Za ka ji namiji ya buɗe baki yana cewa ai a Musulunci babu rabon dukiya tsakanin miji da mata, kowa da nasa. Gaskiya ne malam, kowa da nasa, kuma wannan maganar ita ce ta kama ka. In dai kowa da nasa ne, to tunkiyarta ba taka ba ce, adashinta ba naka ba ne, gonar ubanta ba taka ba ce, kuma aure bai mayar da su naka ba ko da kun shekara 50. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta tabbatar wa namiji abin da ya nema, ta tabbatar wa mace abin da ta nema. Aya ta 20 a surar ta hana mai son sauya mace ya karɓi komai daga abin da ya ba ta farkon, komai yawansa. In abin da ka ba ta da hannunka an hana ka karɓa, ina ga abin da ita ta ba ka aro? Iyakar abin da malaman Malikiyya suka ba miji a dukiyar matarsa shi ne ya iya hana ta kyautar da ta wuce sulusi, wannan kuwa bai sa ya zama mai dukiyar ba. Har ma sun ce idan mace ta yi wa mijinta kyautar dukiya domin zama ya ɗore, sai ya sake ta ba da jimawa ba, tana da ikon karɓar abinta. Kyauta ke nan fa, balle bashi.

Sai masu cewa ai aikin da ta yi na gidan mijinta ne, wajibinta ne. A duba Mukhtasar na Shaihu Khalil, littafin da alƙalanmu suke hukunci da shi. Hidimar da ya ɗora wa mace ita ce ta cikin gida, irin su kwaɓa da shara da shimfiɗa, ya kuma fitar da saƙa da kaɗi daga ciki, saboda su sana'a ce ta neman kuɗi, neman kuɗin gida kuwa a wuyan miji yake. Shin turara buhu 20 na shanshera domin maigida ya kai kasuwa ya fi kama da shara ko ya fi kama da saƙa? Kowa ya san amsa. Haka nan masu cewa "ai na ciyar da ita shekara da shekaru". Ciyarwa wajibi ce da ka ɗauka a gaban shaidu ranar ɗaurin aure, ba bashi ka ba ta ba da za ka zo ka cire daga kuɗin tumakinta. Abincin 'ya'yanka ma a kanka yake, ko tana gidanka ko ba ta nan.

Zaman nan na "je ki gida" shi ma shari'a ba ta bar shi haka ba. Aya ta 129 a Suratun Nisa'i ta hana a bar mace a rataye. Aya ta 19 ta hana a ƙuntata mata domin a karɓe wani abu daga abin da aka ba ta. Aya ta 231 a Suratul Baƙara ta hana riƙon cutarwa. Idan miji ne ya tura ta gida kuma yana da hali, ciyarwar watannin nan bashi ce a kansa. Na san idan ita ce ta fita babu dalili kuma ta ƙi dawowa malamai sun ce ciyarwarta ta faɗi, wannan haka yake, amma faɗuwar ciyarwa ba ta halatta masa ƙwayar shinkafarta ɗaya ba. Game da fansar kai kuwa, hukuncin Malikiyya a bayyane yake: idan ta tabbata cewa cutarwa ce ta sa mace ta biya kuɗi ta fanshi kanta, sakin ya tabbata kuma a mayar mata da kuɗinta. Alƙali ma yana da ikon raba auren saboda cutarwa ba tare da ta biya ko kwabo ba. Mata nawa ne a Chiromawa ko Yadakwari aka taɓa zaunar da su aka gaya musu wannan? Sannan ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da matar da aka saka daga ɗakinta har ta gama idda, aya ta 6 ta yi maganar masaukinta da ciyar da mai ciki da ladan shayarwa. A wajenmu kuwa takarda da ƙofa tare ake nuna su.

Amma fa akwai inda gizo yake saƙa, kuma dole mata su buɗe kunne. Alƙali ba ya hukunci da hawaye. Ƙa'ida ita ce mai da'awa ya kawo shaida, wanda ya musa ya rantse. Idan miji da mata suka yi jayayya a kan kayan cikin gida babu shaida, abin da yake cikin Mukhtasar da Tuhfa shi ne, abin da aka san na mata ne a ba mace da rantsuwarta, abin da aka san na maza ne a ba namiji da rantsuwarsa, abin da kuwa kowa zai iya mallaka, namiji ake ba wa da rantsuwa domin gidan nasa ne. Yanzu ku ɗauki injin ban ruwa, ko buhunan shinkafa a zaure, ko firji, ko babur. A wane layi za su faɗa? Kuɗinki ne ya saya, amma tunda babu wanda ya gani babu takarda, sai ya ɗaga hannu ya rantse ya wuce da abinsa, lissafinku sai a lahira. Laifin a nan na kunyar da ta hana a rubuta ne, tare da cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ware miji da mata ba.

Da zarar an tayar da maganar a ba mace kaso daga abin da aka tara tare, sai ka ji an ce wannan aƙidar Turawa ce, 'yan boko ne suka shigo da ita. To ga tarihi. A ƙarni na 10 na Hijira an yi wani malamin Malikiyya a duwatsun Gumara da ke arewacin Maroko ana kiransa Ibn Ardun. An tambaye shi game da matan ƙauye masu yin girbi da sussuka tare da mazajensu, ya yi fatawa cewa suna da rabo a cikin amfanin gwargwadon wahalarsu. Wasu malaman Fas sun saɓa masa, ba zan ɓoye ba, amma an yi aiki da fatawar a yankunan karkarar Maroko, ana kiran wannan haƙƙi kaddu was si'aya, wato haƙƙin wahala da fafutuka. A 2004 da Maroko ta sabunta dokar iyali, sashe na 49 ya ce dukiyar kowa tasa ce, amma ma'aurata suna iya rubuta yarjejeniya a takarda daban kan abin da za su tara a zaman aure, in kuma ba su rubuta ba alƙali ya duba aikin da kowa ya yi da abin da ya zuba. A watan Fabrairu na 2022 Shaihul Azhar, Ahmad al-Tayyib, ya yi kira a farfaɗo da wannan fatawa. A Malesiya kotunan Musulunci sun daɗe suna raba abin da ma'aurata suka tara tare, dokarsu ta iyali ta 1984 ta tanadi haka. A Masar dokar 1985 ta wajabta wa wanda ya saki mace ba da sonta ba kuma ba da laifinta ba ya biya ta kyautar sallama, wato mut'a, wadda ba ta gaza ciyarwar shekara 2 ba. Waɗannan duka Turawa ne? Matar da Ibn Ardun ya yi wa fatawa, in ka sauya mata zane, ita ce matar Kadawa.

Su kuma ƙawayena masu cewa a raba komai biyu kamar yadda suke jin ana yi a Ingila, ku yi haƙuri ban bi ku ba. A nan Najeriya ma dokar aure ta 1970 da ta ba babbar kotu ikon raba kadara, auren rajista ta shafa, ba ta shafi aurenmu ba. Kuma a gidan da yake da mata 3 yaya za a yi rabin? Uwargidan da ta shekara 20 tana turara shinkafa da amaryar da ta shigo bara da lalle a ƙafa, kason su ɗaya? Sannan in mace ce mai dukiyar, kamar yadda muke da su a Kura masu jarin shinkafa da ya fi na mazajensu, za ku yarda malalacin miji ya sake ta ya tafi da rabi? Abin da nake nema ya fi wannan sauƙi kuma ya fi shi adalci: a yi lissafi, a ba kowa abin da ya zuba da ladan abin da ya wahalta wa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na kuma san abin da maza za su jefo mini, cewa mata ma suna cuta. Haka ne. Akwai matar da in za ta fita sai ta turo 'yan kwasar kaya lokacin da ba ya nan, su haɗa har da rediyonsa da buhun takinsa da ƙyauren ɗaki. Akwai wadda take shiga aure da niyyar lefe, wata 2 ta tayar da ƙayar baya. Akwai uwar da take zuga 'yarta ta yi da'awar abin da ba ta taɓa mallaka ba. Duk wannan haramun ne, kuma maganin da nake kawowa shi ne maganinsa, domin takarda da shaida ba su san mace ba ba su san namiji ba. Namiji mai gaskiya babu abin da zai rasa in an rubuta. Wanda yake tsoron rubutu shi ya san abin da ya taka.

Iyaye da waliyyai, ku ma ga naku. Kalmar nan ta "bar wa Allah" kalma ce mai girma, amma mai haƙƙi ne yake faɗarta da bakinsa bayan an ɗora masa haƙƙinsa a hannu. In baffa ne ya faɗa a madadin marainiya domin kada ya ɓata da surukin da suke saye da sayarwa tare a Kwanar Gafan, sunan wannan cin amana. Ku ne za ku ce kada ta je kotu, ku ne kuma bayan wata 3 za ku fara tsaki in ta miƙa hannu a kwanon tuwo, ku tura ta auren duk wanda ya zo domin a rage baki. Da an karɓo mata jarinta ai da ta zauna ta ci guminta ta zaɓi miji a natse. Yaran da suke yawo da faranti a bakin titin Kura, a bincika a ji nawa ne uwarsu ta fito da hannu biyu.

Hukuma kuma fa? A watan Janairu na 2009 Hajiya Altine Abdullahi da ƙungiyarta ta zawarawa da marayu suka shirya fitowa titi a Kano domin a ji kukansu, Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin Kwankwaso ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba, aka fara da 100. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da mata 1,800 a auren gata, aka kashe sama da naira miliyan 800. Alheri ne, Allah ya ba da lada. Amma duk wannan ƙofar shiga ake gyarawa, ƙofar fita kuwa an bar ta a wangale. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito da maganar kundin dokar iyali, aka yi ta ce-ce-ku-ce, hankalin jama'a duk ya tafi kan zancen hana talaka ƙarin aure, maganar abin da mace za ta fita da shi ta bi ruwa. Mut'a da aya ta 241 a Baƙara ta ambata, a Malikiyya mustahabbi ce, a Shafi'iyya wajibi ce. Ko a matsayin mustahabbin, yaushe rabon da ku ji liman ya yi huɗuba a kanta? Mun iya neman mustahabbi a wajen azumin nafila da ƙarin aure, in an zo wajen sallamar mace sai mu manta.

'Yan uwana marubuta, mu ma akwai aiki a gabanmu. Tun a 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta nuna hanya a Alhaki Kuykuyo Ne, inda aka kori Rabi da 'ya'yanta ta koma sayar da abinci domin ta riƙe su. Amma har yau littattafai da yawa in an saki jaruma, sai a shafi na gaba wani Alhaji mai gidan bene ya tsince ta, ya kai ta Makka ya kai ta Dubai, tsohon miji ya dawo yana kuka. Daɗin karatu akwai, sai dai yarinyar da ta karanta a Bunkure babu abin da ta ƙaru da shi ranar da aka miƙo mata tata takardar. A rubuta mata jarumar da ta san hanyar kotu, ta san me ake kira shaida, ta karɓo injinta ta ci gaba da sana'arta.

Shawarata ga mata ita ce, duk abin da ya kai kuɗin tunkiya in za ki ba maigida, ki faɗa da baki cewa aro ne ko jari ne ko kyauta ce, a gaban mutum biyu, ko a rubuta a ɗan littafi ya sa hannu. In ta waya kika tura, kada ki goge saƙon. In da kuɗinki aka sayi inji ko firji ko keken ɗinki, rasit ya fito da sunanki. Gonar gado kuwa a yi mata maganar haya ko ta kashi a gaban yayyenki, kowace shekara. Wannan ba rashin yarda ba ne, ko mutuwa ce ta zo wannan takardar ce za ta raba ki da rigimar magada. Ga masu unguwanni da dagatai, duk ranar da mace ta bar ɗakinta a kan saɓani, a tura dattawa biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, su ƙirga abin da ta bari na dabba da hatsi da kaya a rubuta, kuma a sa wa zaman wa'adi, ko biko ko sallama. Ga alƙalai, kafin a karɓi kuɗin fansar kai a hannun mace a tambayi wata nawa ta yi a gida da wanda ya ciyar da ita. Ga majalisar dokokin jiha da malamanmu, a zauna a duba fatawar Ibn Ardun da batun mut'a da idon basira, domin mazhabarmu ce, ba aro za mu yi a wajen kowa ba.

Ku kuma mazajenmu, ku tuna kuna da 'ya'ya mata, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wanda ya cinye tunkiyar 'yar wani yau, gobe tasa 'yar ce za ta sauko daga a-kori-kura da katifa da kwanuka, ya rasa bakin magana. Aure yana mutuwa, wannan ƙaddara ce, sahabbai ma sun yi saki. Cin haƙƙi kuwa zaɓi ne, kuma rantsuwar da ta fisshe ka a gaban alƙali ba za ta fisshe ka a gaban wanda ya ga daren da ka shiga ɗaki kana neman aro ba.

Wanda yake da hujjar da ta fi tawa, daga Littafi ko daga malamai, ƙofa a buɗe take, ya kawo mu ƙaru. Zagi kuwa ba ya biyan bashi. Allah ya zaunar da mu lafiya a gidajenmu, ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke wuyanmu tun muna da rai, ya sa mu dace, amin.

Wassalam. Taku har kullum.